Manyan kaji sun addabi ƙanana: a raba su ko a haƙura?

Tambaya

Assalamu alaikum Malam. Ina kiwon kaji bakwai a bayan gida, duka manya masu jiki: mata shida da zakara ɗaya irin Brahma. 'Yata mai shekara tara ta daɗe tana roƙona in samo mata ƙananan kajin nan na ado da ake kira bantam, har na samo mata guda uku, duka mata, Silkie ɗaya da Sebright biyu. Wanda ya sayar mini ya ce in lallaɓa in saka su a akurki cikin dare, in gari ya waye manyan za su ɗauka dama tare suke. Haka na yi. Yau kwana biyar, an fasa wa Silkie ɗin kai har jini na zuba, sauran biyun kuma sun ƙi saukowa daga sandar kwana sai in manyan sun fita. Ga shi zakaran ya fara bin su. Maigidana ya ce babba da ƙarami ba sa zama wuri ɗaya, in mayar da su tun ba su mutu a hannunmu ba, yarinyar kuma sai kuka. Wata maƙwabciyata ma ta ce in zakaran ya taka su ƙwan zai yi musu girma ya maƙale. Don Allah ina mafita?

Wata uwa

Amsa

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa.

Abu na farko ba ya jiran gobe: ki fitar da Silkie ɗin nan daga cikinsu yau ɗin nan. Kaza tana bambance launi sarai, ja kuma yana jan hankalinta ƙwarai. Da zarar jini ya bayyana a jikin ɗaya, har waɗanda ba ruwansu da faɗan sai sun zo sun kai baki, wannan ta caka ta wuce, waccan ma ta caka, kafin yamma ƙaramin rauni ya zama rami. Ki wanke wurin da ruwan ɗumi mai ɗan gishiri, ƙaramin cokali ɗaya a rabin lita, ki datse gashin da ya manne a kan raunin, ki shafa aidin da aka sirka da ruwa. Sannan ki sa ta a keji ko kwali mai shan iska a inda ba hayaniya, ruwa da abinci kusa da bakinta, ki kuma tsare ta daga ƙuda, don ƙuda yana yin ƙwai a ɗanyen rauni ya zama tsutsa. In kin ga tana karkatar da kai, ko tana tangaɗi in za ta yi tafiya, ko raunin ya yi zurfi har ana hangen ƙashi, wannan ya wuce aikin gida, sai likitan dabbobi. Ba za ta koma cikin kowace kaza ba sai ɓawon raunin ya faɗi, fata ta rufe.

Biyun da suka maƙale a kan sanda ma kada ki ɗauka lafiya suke don ba ki ga jini ba. Da dare, bayan sun natsu, ki ɗauko kowacce ki taɓa gindin wuyanta ta ɓangaren dama, inda abinci ke taruwa kafin ya wuce ciki. Wadda ta ci ta ƙoshi za ki ji ɗan ƙulli a cike a ƙarƙashin yatsunki, wadda ta wuni da yunwa kuwa fata kawai za ki ji. Kazar da duka nauyinta bai wuce giram 600 ba, ba ta da wani kitse a ajiye da zai riƙe ta kwanaki, ƙishirwa ma ta fi yunwa saurin kayar da ita. Su ma a fitar da su.

To, ga amsar tambayarki. Maigida bai yi kuskure gaba ɗaya ba, bai kuma cika daidai ba. Ana kiwon bantam tare da manyan kaji a gidaje da yawa, su yi shekaru tare ba wanda ya ji kansu, har wani sa'in ki tarar ƙaramar ce ke korar manya daga bakin abinci. A wurin kaji, ƙarfin zuciya da shekaru da wanda ya riga wani zuwa gidan sukan rinjayi girman jiki. Abin da ya faru a naki gidan shi ne matsala uku sun haɗu lokaci ɗaya. An zuba baƙi cikin masu gida ba a san juna ba, akwai zakaran da ya fi ƙarfinsu nesa ba kusa ba, sannan ɗaya daga cikin baƙin irin kazar nan ce da ba ta iya tashi sama, ba ta kuma gani sosai. Ta farkon, haƙuri da 'yar dabara suna maganinta. Sauran biyun sai kin yanke hukunci, kuma a ganina zancen zakaran shi ne babba.

Mu fara da shawarar mai sayarwa. Ba shi kaɗai ke ba da ita ba, tsohuwar magana ce a tsakanin masu kiwo, kuma iyakar abin da take yi shi ne ɗage faɗan zuwa asuba. Kaji sun san junansu ɗaya bayan ɗaya, musamman ta fuska da zanko. Kowane garke yana da jerin girma: ta farko tana cakar kowa ba mai cakarta, ta biyu tana cakar kowa ban da ta farko, haka har zuwa ta ƙarshe. Wani masanin dabbobi ɗan ƙasar Norwe, Thorleif Schjelderup-Ebbe, wanda tun yana yaro yake bin diddigin halayen kaji, shi ya fara bayyana wannan tsarin a rubuce a 1921. Da jerin nan suke sanin wa za ta fara ci, wa za ta kwana a wuri mafi kyau a kan sanda, wa za ta kauce in an haɗu a ƙofa. Baƙuwa na shigowa dole a sake lissafi, kuma da baki ake yinsa. Sau da yawa ma ba shugabar ce ta fi zafi ba. Ita ta san matsayinta, caka ɗaya ta ishe ta. Waɗanda ke can ƙasan jerin su ne ke bin baƙuwa har lungu, don su ne ke da abin rasawa.

Saboda haka ki koyi bambance caka iri biyu. Akwai ta ladabtarwa: babba ta miƙe wuya ta kai baki sau ɗaya, ƙarama ta yi 'yar ƙara ta ja da baya, shi ke nan kowa ya koma tonon ƙasa. Wannan ko kin so ko kin ƙi sai an yi ta, in kuma kika riƙa shiga tsakani kina ɗauke ƙaramar, kullum daga farko za a sake. Akwai kuma ta ɓarna, wadda za a bi kaza a guje, a ritsa ta a kusurwa, ta cusa kai ƙasa ta daina gudu, biyu ko uku su taru a kanta. Wannan ba a tsayawa ganin ƙarshenta.

Akwai abin da shawarar daren ta tsallake wanda ya fi faɗan haɗari. Duk sabuwar kaza, ko daga hannun wa ta fito, ana keɓe ta wajen wata guda nesa da tsofaffin kafin a haɗa su, domin kaza tana iya ɗauke da cuta alhali tana ci tana sha ba alamar komai. Yanzu kam aikin gama ya gama, sun sha ruwa ɗaya, saura sa ido a kan ɓangarorin biyu a makonni masu zuwa. Atishawa, kumfa a ido, kumburin fuska, ko ƙarar numfashi in kin kasa kunne a bakin akurki da dare, duk alamun ciwon numfashi ne. Koren zawo da murɗewar wuya da mutuwa farat ɗaya suna iya zama cutar Newcastle, wadda kan share garke cikin 'yan kwanaki, in kin ga haka kada ki tsaya gwajin magani, ki kira likita. Ki kuma koma wurin mai sayarwar ki tambaye shi rigakafin da aka yi musu, musamman na cutar Marek, wadda ke shanye ƙafa har ki ga kaza a zaune ƙafa ɗaya ta yi gaba ɗaya ta yi baya. Silkie da Sebright suna cikin nau'o'in da aka sani da saurin kamuwa da ita, allurarta kuma tun ranar ƙyanƙyasa ake yi. Tun da suna hannunki, ki buɗa gashin ƙarƙashin fiffike da na kusa da dubura ki duba ƙwarƙwata. Ki goga farin tsumma a ƙarƙashin sandar kwana da dare, in ya fito da jan zane-zane to akwai 'yan mitsi-mitsin ƙwarin nan da ke ɓuya a tsagar katako da rana su fito shan jini da dare. Jinin da babbar kaza za ta rasa ta ci gaba da yawonta, ƙarama in ta rasa shi kwanciya za ta yi.

Sake haɗa su kuwa, ki yanki wani ɓangare na filin da kajin ke wuni ki kewaye shi da waya mai raga, har da rufi a sama, ki sa ƙananan a ciki. Manufar ita ce su riƙa ganin juna daga safe har yamma baki bai kai ba. Ki ajiye abincin kowane ɓangare dab da ragar, su ci kai da kai waya na tsakani. Kwanakin farko za ki ga manyan suna sintiri a bakin ragar, wuya a miƙe, gashin wuya a tashe. Sannu a hankali abin zai gundure su. Ranar da kika ga babba ta zo ta kwanta tana birgima a ƙasa kusa da ragar ba ta ko kalli na ciki ba, an kusa. Yawanci mako biyu ake yi, wani lokaci ya fi haka, kuma halin kajin za ki duba, kada ki bi ta kalanda. Daga nan ki buɗe su a wuri mafi faɗi da kike da shi, awa ɗaya kafin faɗuwar rana, kina tsaye a wurin, zakaran kuma a kulle. Ana zaɓar wannan lokacin ne don hankalin kowa ya fara komawa makwanci, in ma abin ya ɓaci duhu zai raba. Ki watsa 'yar tsaba nan da can, ko ki rataye ganye, baki ya sami abin yi. Kullum ki ɗan ƙara lokacin. Kuma tare za su fita, kada ɗaya-ɗaya, don cakar da za ta taru a kan guda ta rabu.

In kin lura akwai guda ɗaya da ita ce kanwa uwar gami, ita za ki ɗauke, ki bar wadda ake duka. Ki kulle ta inda ba ta ganin sauran na kwana uku zuwa mako guda. Kafin ta dawo an sake jeri ba da ita ba, sai ta shagala da neman nata matsayin. Ba kullum dabarar ke ci ba. Akwai kazar da halinta ke nan ko sau nawa aka kulle ta, kuma in dole sai wata ta bar gidan, ita ta cancanta.

Duk wannan ba zai yi amfani ba in wurin ya yi musu kaɗan. Ƙa'idar da masu kiwo suka saba bi ita ce kowace babbar kaza ta sami kusan murabba'in mita ɗaya a filin wuni, da wajen kashi ɗaya cikin uku na haka a cikin akurki. Rabin wannan ya ishi bantam in ita da 'yan'uwanta ne kaɗai, amma a garken da aka gauraya ni na fi son a lissafa ta a matsayin babba, saboda tana bukatar wurin kaucewa. Kaji goma ke nan gare ki, sai ki auna filinki ki gani.

Faɗi kaɗai ma bai isa ba. Fili fetal wanda kowa ke ganin kowa ya fi wahalar da ƙarama. Ki jingina katako a bango, ki ajiye kututture ko tsohuwar kujera, duk abin da zai tare ido, domin kaza in ta daina ganin wadda take bi galibi sai ta manta da ita. Sai dai kowace maɓoya ta kasance da mafita biyu, lungun da ba ya ɓullewa tarko ne. Dabarar da ta fi kowacce aiki a garke irin naki ita ce wadda ke cin moriyar ƙanƙantarsu. Kewayen nan da kika yi musu kada ki rushe shi. Ki huda masa ƙofa biyu masu faɗin santimita 10 zuwa 12, ki gwada har ki tabbata ƙananan suna wucewa, manyan kuma ƙirjinsu ba ya shiga, ki bar musu ruwa da abinci a ciki kullum. Ba sa daɗewa suke gane amfaninsa. Za ki ga Sebright ta kutsa tsakiyar manya ta ɗauki abin da take so, ana taso mata ta faɗa ciki, ta tsaya tana ci hankali kwance babba na leƙe ta raga. Kazar da ta san tana da wurin gudu takan daina firgita, wadda ta daina firgita kuma ba a cika bin ta ba.

A waje ma mazubin abinci ya zama biyu, na ruwa biyu, a ajiye su inda mai tsaye a bakin ɗaya ba za ta hangi ɗayan ba, don kaza ɗaya tana iya tsare mazubi guda wuni sur, amma ba ta iya tsare biyu. Tsayinsu ya yi daidai da bayan mafi ƙanƙanta, ko ki sa mata bulo ta taka. Wurin kwana kuma, kowace babba tana son santimita 20 zuwa 25 a kan sanda. Brahma da irinsa masu nauyi sandar ƙasa-ƙasa ta fi musu, don dirowa daga sama yana ɓata musu tafin ƙafa. Sebright kuwa sama take so. Wannan ya zo miki da sauƙi: ki ƙara siririyar sanda can sama inda manyan ba sa kaiwa, amma kada ta zauna daidai kan ta ƙasa, in ba haka ba kashi zai riƙa zuba a kan na ƙasan duk dare.

Abinci ba shi da wani rikici. Wanda ake haɗa wa kaji masu ƙwai yana da furotin wajen kashi 16 cikin 100, da kalsiyam, sinadarin da ke gina ƙashi da ɓawon ƙwai, kusan kashi 4, kuma bantam da ta fara ƙwai shi za ta ci, sai dai ɓarzajje ya fi mata dunƙulallen da aka yi don manyan baki. Babbar kaza tana cin wajen giram 120 a rana, ita kuwa kusan rabin haka. Abin lura ɗaya ne. In naki ba su fara ƙwai ba tukuna, wannan kalsiyam ɗin ya yi musu yawa, yana iya taɓa ƙoda. Sai ki ba kowa abincin kaji masu tasowa, ki zuba dakakken ɓawon kawa a wani ɗan kwano daban, masu ƙwai za su ɗiba da kansu, sauran su wuce shi. Kada ki manta da 'yar tsakuwa ƙanana da ƙundunsu ke niƙa da ita.

Yanzu zakara. Ki tsaya ki kalli yadda yake taka kaza. Yakan kama gashin ƙeyarta da baki, ya hau bayanta da ƙafa biyu, ya sake mata dukan nauyinsa yana tattakawa don ya daidaita, ita kuma ta durƙusa ta buɗe kafaɗu ta ɗauke shi. Zakaran Brahma da ya ƙosa yakan kai kilo 5. In Sebright ce a ƙarƙashinsa, ya ninka ta kusan sau tara. Abin da ke biyo baya sananne ne: gashin baya ya ƙare, farce da ƙaimi su yage fatar gefen jiki a ƙarƙashin fiffike inda ido ba ya kaiwa sai wurin ya fara wari, ƙafa ta gurɗe, wani lokaci ma kaza ta mutu nan take. A kan Silkie kuwa, inda yake kamawa da baki kusa yake da inda kanta ya fi rauni. An san Brahma da sanyin hali, ban musa ba, amma sanyin hali ba ya rage kilo.

Akwai zakarun da ba sa kula ƙananan kaji sam in suna da manyan mata isassu. Naki ya riga ya nuna ba ya cikinsu. Rigar da ake ɗaura wa kaza a baya tana kare fata daga farce, ba ta ɗauke nauyi, haka ma datse tsinin ƙaimi. Ƙofar nan mai santimita 12 tana taimakawa, amma zakara yana da gudu, kuma sau ɗaya ya isa. Don haka hanya biyu ce. Ko ƙananan su zauna a nasu kewayen, su fito kiwo a lokacin da aka kulle shi, ko shi ya bar garken. Ki tambayi kanki don me kike ajiye da shi. In don ƙwai ne, kaza ba ta bukatar zakara kafin ta yi ƙwai, aikinsa kawai ƙwan ya zama mai ƙyanƙyasuwa. In kuwa 'yan tsaki kike so, a bar shi da matansa shida a raba lokacin fita. Da a ce akasin haka ne, ƙaramin zakara cikin manyan mata, da ban ce komai ba, wannan ba ya cutar da kowa. Sai dai kada wani ya ba ki shawarar ki samo wa ƙananan nasu zakaran ki haɗa shi da Brahma a fili ɗaya. Zakaran bantam bai san shi ƙarami ba ne, shi zai fara tsokana, kuma ba ya janyewa sai ya ji jiki.

Maganar maƙwabciyarki kuwa, ki kwantar da hankalinki. Girman ƙwai daga jikin kazar yake, zakara ba shi da hannu a ciki. Gwaiduwa tana gama girma a cikin kazar tun kafin ta haɗu da abin da ya fito daga zakara, farin ƙwan da ɓawonsa kuma ita ke yinsu a kan hanyar fita, tafiyar da kan ɗauki wajen awa 25. Ko wane zakara ne ya taka Sebright, ƙwanta na kusan giram 30 za ta yi, rabin na babbar kaza mai giram 55 zuwa 60. Maƙalewar ƙwai tana faruwa da gaske, amma abin da ya fi jawo ta shi ne ƙarancin kalsiyam, ko ƙiba, ko fara ƙwai jiki bai gama ƙwari ba.

Silkie tana bukatar magana tata daban. Gashinta ba shi da 'yan ƙugiyoyin da ke haɗa zare-zaren gashin sauran tsuntsaye su zama shafi ɗaya, shi ya sa yake da laushi, shi ya sa kuma ba ta iya tashi, ruwa ma yana ratsa ta har fata. Tukkun kanta yana rufe mata ido, ba ta ganin mai zuwa ta gefe ko ta sama sai an iso ta. Wasu daga cikinsu ƙoƙon kansu yana da tudu a ƙarƙashin tukkun, ƙashin wurin bai gama rufewa ba, caka ɗaya mai ƙarfi tana iya taɓa ƙwaƙwalwa. Ga shi tukkun da kansa yana ɗaukar idon kajin da ba su taɓa ganin irinsa ba, su yi ta ja suna fige shi. In ta warke ki sa wani ya riƙe miki ita ki rage gashin da ke gaban idonta da almakashi. Galibi a ƙasa take kwana, don haka ki yi mata ɗan akwati da shimfiɗa busasshiya wanda ba ya ƙarƙashin sanda. Ƙafafunta masu gashi kuma a riƙa dubawa, don taɓo yana manne musu, ƙwarin da ke shiga ƙarƙashin ɓawon ƙafa su tayar da shi ma sun fi samun maɓoya a can. In kin ji ta bakina, ita kam ban ga dalilin tilasta mata zama cikin manya ba. Ki bar ta a kewaye, amma kada ita kaɗai, kaza ba ta jure kaɗaici. Ko Sebright ɗin su riƙa kwana da ita, ko a samo mata 'yar'uwa irinta, a keɓe sabuwar wata guda tukuna. Za ta biya ki wahalarki ta wata hanya, domin da wuya a sami kazar da ta kai ta son kwanci. Za ta kwanta a kan ƙwan manyan kajinki guda biyar ko shida har kwana 21 ta ƙyanƙyashe ta yi reno, muddin kin ba ta wurin da manyan ba za su turo su yi ƙwai a kanta su fasa na ƙarƙashi ba.

Sebright ɗin su na fi sa wa rai. Sir John Sebright ne ya samar da irin a Ingila a farkon shekarun 1800, kuma suna cikin bantam na asali, waɗanda ba su da babban takwara, saɓanin irin su ƙaramin Brahma ko ƙaramin Orpington da aka rage daga manya. Ba su cika ƙwai ba, ba su cika kwanci ba, don ado aka yi su, amma suna da zafin nama kuma suna tashi sosai. Za a ce miki ki datse musu fiffike ɗaya don kada su tsallake katanga. A garken da aka gauraya ban goyi bayan haka ba, don tashin nan shi ne makaminsu in an biyo su. Gara a rufe saman filin da raga, wadda dama suna bukatarta saboda shaho da shirwa, waɗanda ba za su iya ɗaga Brahma ba amma za su sure Sebright. Mage, gafiya da maciji ma da ba su cika damun manyanki ba yanzu sun shiga lissafi. Ragar makwancinsu ta zama mai ƙananan idanu, santimita 1.3, kuma ki bi ƙasan bango ki toshe duk wata kafa.

Saura mutanen gida. Maigida tsoronsa a kan hanya yake, kada ki yi jayayya da shi a kan ko abin zai yiwu. Ki nemi ya ba ki wata guda bisa sharaɗi: ƙananan suna cikin kewaye, ba mai taɓa su, in lokacin ya cika abin bai daidaita ba ku sake zama. 'Yar tamu kuma a gaya mata gaskiya daidai hankalinta, cewa kajin ba mugaye ba ne, haka suke karɓar baƙo, sannan a ba ta aiki. Ita za ta riƙa zama a bakin raga da yamma ta gaya miki wace ce ke bin wace, yara sun fi mu haƙurin irin wannan kallon. Ita za ta canja ruwa. A hana ta yawan ɗaukar mai raunin, a hana ta kai kaza kusa da fuska, ta kuma wanke hannu da sabulu duk lokacin da ta taɓa su, saboda Salmonella, ƙwayar cuta mai sa mutum zawo, da kaza mai lafiya ma kan ɗauka a jikinta.

Bayan kin haɗa su da mako biyu ki duba abu uku: kowacce tana kwana da abinci a wuya, ba sabon jini ko wurin da aka fige, kuma suna saukowa da safe tare da kowa. In haka ne an zauna. In ɗaya ya gaza, ki mayar da su kewayensu ki bar su a can. Murabba'in mita biyu ko uku da ɗan akurki mai rufi ya ishi bantam uku su yi zamansu lafiya, 'yarki na ganinsu kullum, ba sai an mayar wa mai sayarwa ba.